Formasiyon ɗin tace yuraniyom da aka yi a Garwa, ya ci kuɗinsa ko bai ci ba?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka gama formasiyon ɗin nan, wato horon nan na tace yuraniyom, da wata cibiya ta shirya mana a nan Garwa mutane ke ta tare ni, wasu a bakin masallaci wasu ta waya, kuma tambayar ɗaya ce, wai tunda za a buɗe zagaye na biyu mu biya ne ko mu riƙe kuɗinmu. To ga amsata tun daga farko kar in ja ku da nisa. In kana da ɗan tushe a shimi, wato ilimin sinadarai, ko ka taɓa aiki a labo, ko a wata masana'anta mai famfo da bututu irin na man auduga ko siminti, je ka biya, dattijon da suka ɗauko ya koyar shi kaɗai ya isa kuɗin. In kuwa abin da ya ja ka shi ne layin nan da suka rubuta a ƙasan takardar talla wai waɗanda suka gama aiki na jiransu a garin Poli, inda ake zancen akwai yuraniyom, wallahi ka riƙe sefarka ka ja jari. Ba zan kira sunan cibiyar ba, wanda ya ga takardar ya san ta.

Malamai biyu ne. Babban wani tsohon injiniya ne Bahaushen Nijar, gashi duk ya yi fari, ya yi rayuwarsa a masana'antar tace yuraniyom can arewacin Agadas har ya yi ritaya, mu dai Baba Injiniya muke ce masa. Mutumin ba ya son majigi sam, alli da allo kawai, yana magana yana haɗa Faransanci da Hausa, in ya ga wani ya yi zuru sai ya sake maimaitawa da Hausa zalla, har 'yan Fulatancin da ya tsinta a kasuwa yake jefawa a yi dariya. Ka san Nijar sun daɗe a harkar nan, kamfanin haƙar yuraniyom na Somair ya fara fitar da kaya a garin Arlit tun 1971, mahaƙar Cominak ta Akuta ta biyo a 1978 ta yi ta aiki har aka rufe ta a ƙarshen Maris na 2021, saboda haka mutanen da suka tsufa a cikin aikin suna nan da yawa kuma abin da ke kansu ba a littafi yake ba. Na biyun wani saurayi ne mai digiri, shi aka ba ɓangaren lissafin zane, zan zo kansa.

Ga wanda bai san me ake nufi ba, bari in faɗi yadda Baba ya shimfiɗa mana abin. Dutsen da ake haƙowa yuraniyom ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, a irin na Arlit 'yan kilo ne a cikin tan guda, sauran duk tsakuwa ce. Sai a farfasa a niƙe, a jiƙa da asid silfirik, wato dangin ruwan batir, a zuba wani sinadari da zai taimaka ya narke, a tace a raba ruwa da laka. To ruwan nan da ya fito shi ne matsalar, don asid ba ya zaɓe, ya narkar da yuraniyom ya narkar da ƙarfe da alminiyom da silika da molibden da tarkace iri-iri, kuma yuraniyom ɗin bai wuce giram ɗaya ko biyu a lita ba. A nan ne kananzir ke shigowa. Ana narkar da wani sinadari da ake kira amin a cikin kananzir, ɗan kaɗan ne kamar kashi 5 cikin 100, sanannensa shi ne Alamine 336, a ƙara ɗan alkol mai nauyi don kar haɗin ya rabu gida uku, sai a kaɗa shi da wancan ruwan asid. Amin ɗin ya kama yuraniyom ya bar ƙarfe da yawancin sauran a baya, a bar su su kwanta, kananzir ya taso sama da kayansa, ruwa ya zauna ƙasa. Daga nan a kai kananzir ɗin wani layi a wanke shi, a sauke masa kayan da ruwan silfat na amoniya ko ruwan gishiri ko na soda, sai ka samu ruwa ɗan kaɗan mai tsabta da ya ɗauki gomman giram a lita, a zuba amoniya ko makamancinta garin nan mai ruwan ɗorawa da ake kira yalokek ya zauna, a busar a cika durom. Kananzir ɗin kuma ya koma farko ya sake zagayowa, ba a zubar da shi. Hanyar tsohuwa ce, a Oak Ridge ta Amurka aka ƙirƙiro ta a shekarun 1950, kuma har yau da ita ake aiki a Nijar da Kanada da Namibiya da Ostireliya.

Wani ɗan lise da babansa ya biya masa ya ɗaga hannu ya ce Baba to da wannan garin ake bam ɗin? Baba ya ce ɗana zauna, garin nan ko ka tara durom dubu ba ya fashewa, irin yuraniyom ɗin da ake nema a ciki kashi 0.7 ne kawai cikin 100, sai an kai shi wasu masana'antu daban a ƙasashen waje kafin ma ya zama makamashin tashar lantarki, namu aikin ma'adinai ne kamar na tagulla. Daga nan bai sake komawa kan zancen ba.

Inda kuɗina ya fito shi ne wajen gwaji da hannu. Sun zo da ɗan ƙaramin inji na roba mai gani-har-hanji, akwatuna jere a kan tebur, kowane akwati gida biyu, ƙaramin ɗaki mai farfela inda ake kaɗawa da dogon ɗaki inda ake kwantawa. Ba a taɓa yuraniyom ba ko ƙwaya, don wannan sai da izinin hukumar da ke kula da radiyashon a Yawunde, kuma ni hakan ya fi min kwanciyar hankali. Da tagulla aka yi, da nata sinadarin daban, amma injin da halayensa duk ɗaya ne. Kuma tagullar ta ma fi daɗin koyo saboda launi. Ruwan ya shigo akwatin farko shuɗi shar, kana tsaye kana kallo yana dusashewa daga akwati zuwa akwati har ya fita ta ƙarshe kusan fari, shi kuma kananzir da ya shigo ta ɗaya ɓangaren garai-garai yana tafiya yana yin duhu har ya koma ruwan ƙasa mai kauri. Ruwa na tafiya gabas kananzir na tafiya yamma, sabon kananzir shi ke haɗuwa da ruwan da ya kusa ƙarewa ya kalace ɗan abin da ya rage, wanda ya kusa cika kuma shi ke tarbar sabon ruwa. Na sha koyar da wannan a aji da zane, amma ganinsa da ido wani abu ne daban, wata Hajiya da ke aiki a labo na ruwa har ta ce a tsayar ta ɗauki bidiyo.

Sai Baba ya fara ɓata mana injin da gangan, wannan ne salon koyarwarsa. Ya ƙara gudun farfela har ƙarshe, nan take haɗin ya zama fari fat, ɗigon ya yi ƙanana ƙwarai ya ƙi rabuwa, muna kallo layin da ke tsakanin kananzir da ruwa yana kumbura yana kumbura har ya cika ɗakin kwantawa ya fara malala ta inda bai kamata ba. Ya rage gudun sosai, sai rabuwa ta yi kyau amma ruwan da ke fita ya dawo shuɗi, wato kaya na tserewa. Ya ce to ga aikin nan gaba ɗaya, tsakanin waɗannan biyun za ka zauna shekara talatin. Ya kuma nuna mana wani abu da ban taɓa ji ba, cewa a cikin ɗakin kaɗi ko dai ɗigon ruwa ne ke yawo cikin kananzir ko ɗigon kananzir ne ke yawo cikin ruwa, da ido ba ka bambancewa, amma in ka tsoma wayoyi biyu na mita za ka gani, in ruwa ne a waje lantarki na wucewa, in kananzir ne allura ba ta motsi. Kuma haɗin yakan juye da kansa cikin dare in mai gadi ya yi gyangyaɗi yawan ɗaya ya rinjayi ɗaya, ka wayi gari asara ta ninka ba ka san dalili ba. Da mitar masu gyaran rediyo ya yi mana wannan, ba wani inji mai tsada ba.

Amma darasin da ya fi zama min shi ne na dauɗar tsakiya, wadda su ke kira kurud. Baba ya fita tsakar gida ya ɗebo ƙurar da iska ta tara a gindin katanga, kamar cikin cokali, ya barbaɗa a tankin ruwan da ke shiga. Ba a jima ba sai ga wani abu ya fara taruwa daidai kan layin da ke raba kananzir da ruwa, toka-toka mai yauƙi kamar kunun da ya kwana, ba ya nutsewa ba ya tasowa, kuma yana ta kauri. Ya sa cokali ya ɗebo a kofin gilas ya zagaya da shi kowa ya gani, ya ce ku duba da kyau, wannan rabinsa amin ne da kuka saya da kuɗin waje, ƙura ta riƙe shi ba zai sake yi muku aiki ba. Ya ce a babbar masana'anta abin nan yakan taru har a sa mutane da famfo suna zuƙe shi, in aka yi sake ya balle ya bi kananzir zuwa akwati na gaba sai layin duka ya rikice a tsayar da aiki. Abubuwan da ke kawo shi kuwa, laka da ta tsere wa matata, silikar da ta narke a asid ta dawo ta daskare, ragowar maganin da ake zubawa don laka ta kwanta in an yi masa yawa, sai molibden wanda shi amin ke kamawa har fiye da yuraniyom ya zo ya yi wani ƙullutu kore. Shi ya sa ya ce mai hankali ba a kan akwatunan kaɗi yake kashe kuɗinsa ba, a kan tace ruwan kafin ya iso yake kashewa, tankin kwantar da laka da matatar yashi, har ruwan ya zama kana ganin ƙasan kofi. Na ce Baba ku gafarce ni, to mu nan da hunturu ke rufe gari da ƙura wata da watanni fa? Ya yi dariya ya ce Malam ai Garwa aljanna ce, ka zo Arlit ka ga iskar yashi, maganinta rufi kawai, duk wanda ya zana maka akwatin kwantawa a buɗe a ƙasar Sahel ka karɓe masa alƙalami.

Akwai wani lissafi da ya yi a allo wanda nake so duk mai niyyar zuwa ya gani tun yanzu. Ya ce a ɗauka masana'anta na tura mita kib 100 na ruwa a awa, mita kib ɗaya lita 1,000 ce, kuma kowace mita kib na fita da mililita 50 na kananzir a ɓoye, ɗigon da ido ba ya gani. Lita 5 kenan a awa, 120 a yini, sama da lita 40,000 a shekara, da amin ɗin da ke ciki, kuma duk wannan kayan sai ya sauka Duwala ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ya hau tirela ya gangaro dutse kafin ya iso mana. Ajin ya yi tsit. Misali ne kawai ya bayar amma ya sa kowa ya gane me ya sa ake ƙara wani tanki a ƙarshe don kama ɗigon da ya tsere.

Zancen gobara ma ya ba shi haƙƙinsa, kuma a nan muryarsa ta canza. Masana'antar nan in ka cire sunaye tafkin kananzir ce, dubban lita a fili, ga famfuna ga injinan lantarki a gefe. Ya kawo labarin Olympic Dam ta Ostireliya, ɗaya daga manyan ma'adinan duniya, inda sashen nan na kananzir ya kama wuta a Disamban 1999 ya sake kamawa a Oktoban 2001, kuma a ta biyun abin da aka fi zargi ba sigari ba ne ba walda ba, lantarkin gogayya ne. Kananzir ba ya wuce da lantarki, in yana gudu cikin bututun roba sai caji ya yi ta taruwa, irin tas-tas ɗin da kake ji in ka cire riga da hunturu, ranar da ya samu tururi da iska a bututun da bai cika ba sai tartsatsi ɗaya ya gama aikin. Don haka ƙa'idojin da ya jero, a rage gudun kananzir a bututu, kar a bar shi yana faɗowa daga sama yana fantsama cikin tanki, bututu ya kasance cike, a ɗaure komai da waya zuwa ƙasa, a bar tazara tsakanin sassa, a yi rami nesa inda za a iya juye kayan in wuta ta tashi, a tanadi kumfar kashe gobara don ruwa zalla yaɗa ta yake yi. Sannan ba kananzir ɗin fitila ake sawa ba, na fitila tururinsa na iya kamawa tun daga wajen digiri 38, mu kuwa a Maris da Afrilu inuwa ma tana wuce 40 balle ƙarƙashin kwano, sai an sayi na musamman wanda sai zafi ya haura sosai yake kamawa, ya fi tsada amma babu zaɓi. Gaskiya wannan awa ɗin ko mai gidan mai ne ya zauna a ciki ya ƙaru.

To yanzu inda abin ya yi rauni. Ɓangaren zane, wato yadda za ka lissafa akwati nawa kake buƙata da girman kowanne, shi ne aka rubuta da manyan baƙaƙe a takardar talla, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Saurayin nan ba wai bai sani ba ne, amma karanta majigi kawai yake yi da gudu, shafi na bin shafi, rabin hotunan da Turancin Ingilishi ko fassara su ba a yi ba alhali yawancinmu Faransanci muka yi. Zanen matakala na McCabe-Thiele, wanda da shi ake gano cewa akwati huɗu sun isa ko sai biyar, ya nuna shi kamar minti goma ya wuce, babu wanda aka ba takardar zane ya gwada da hannunsa. Girman ɗakin kwantawa da ake lissafawa da yawan ruwan da kowace murabba'in mita za ta iya ɗauka a awa, lamba ɗaya ya ba mu ya ce haka ake sawa, da Hajiyar nan ta tambaye shi daga ina lambar ta fito sai ya ce haka take a littafi. Baba ne daga baya ya gyara, ya ɗauko silinda da agogon waya ya kaɗa haɗin ya ce ku ƙirga daƙiƙa nawa zai ɗauka ya rabu, daga irin wannan gwajin da ruwan dutsenku na gaskiya lambar ke fitowa, kowane dutse da halinsa. In da za su ji shawara, su ba Baba wannan sashen ma, saurayin ya riƙa taimaka wa mutane da lissafi a tebur, zai fi amfani a haka.

Akwai 'yan Cadi a cikinmu, sun zo ta Lere, wani daga cikinsu ma'aikacin ma'adinai ne daga Injamena kuma shi ya yi tambayar da ta fi kowace. Ya ce Baba shin dole ne sai kananzir? Baba ya ji daɗin tambayar ya ce a'a, kuma da cibiyar ta so gaskiya da ta sa wannan a cikin shirin. Akwai hanyar rezin, wasu ƙananan ƙwayoyin roba da ke kama yuraniyom in ruwa ya ratsa su, ba gobara ba ƙamshin kananzir, kuma sun fi dacewa in ruwan ya yi tsarari sosai ko bai tace da kyau ba. Kazakistan da ke fitar da wajen kashi 40 cikin 100 na yuraniyom ɗin duniya, kuma take kan gaba tun 2009, ba ta ma haƙo dutsen, asid take turawa ƙarƙashin ƙasa ta zuƙo ruwan ta bi da shi ta rezin. A mahaƙar Rössing ta Namibiya, da ke aiki tun 1976, haɗa biyun suke yi, rezin ya fara tarawa kananzir ya ƙarasa tsarkakewa. In kuma dutsenka mai farar ƙasa ne da yawa zai shanye asid ya talauta ka, sai a koma jiƙawa da soda kamar yadda ake yi a mahaƙar Langer Heinrich ta Namibiya, a nan kuwa amin ba ya aiki. Haka in ruwan wurin mai gishiri ne, gishirin na ƙwace wa yuraniyom gurbi a jikin amin. Duk wannan a tsaye ya faɗe shi lokacin shan shayi, babu shi a takardun da aka raba mana, wanda ya fita sallah da wuri bai ji ba.

Abin da ya ɓata min rai sosai shi ne yadda aka tsallake zancen shara da lafiya. An ajiye shi ranar ƙarshe bayan la'asar, kowa ya gaji ana jiran hoto. Alhali in ka cire yuraniyom daga dutse, yawancin radiyashon ɗin, wajen kashi 85 cikin 100, yana nan a cikin lakar da ka zubar, radiyom na ciki wanda sai shekara 1,600 rabinsa ke ƙarewa, yana ta fitar da iskar radon. Cominak kaɗai ta bar tulin da ya kai wajen tan miliyan 20 a Akuta, yanzu aikin rufe shi ake ta yi. Ruwan asid da ya fita daga akwatin ƙarshe shi ma sai an mayar da shi aiki ko an kashe kaifinsa da farar ƙasa, wannan dai muna da ita a Figil. A ma'aunin radiyashon da jiki ke sha, ma'aikaci iyakarsa milisibat 20 a shekara, mutumin gari 1, kuma garin yalokek haɗarinsa ba a taɓawa yake ba, a shaƙa ne da haɗiya, ƙoda yake bugawa. Waɗannan an faɗe su amma a gurguje. Mu da muke zancen wuri kamar Poli, inda ruwan damina ke gangarowa daga duwatsu ya bi kogin Faro ya shiga Binuwai, ga makiyaya ga masu noma ga masunta, ai wannan ne ya kamata a ba yini guda cur. Arlit hamada ce ruwan sama kaɗan ne, mu nan Agusta kaɗai ta isa ta cika tafkin shara ta tumbatsa, Baba da kansa ya ce shi bai taɓa aiki inda ake ruwa haka ba, kuma na ji daɗin da bai yi mana ƙaryar sani ba.

Sai maganar Poli ɗin. Eh akwai yuraniyom a Kitongo kusa da Poli, an daɗe da sani, akwai kuma a Lolodorf can kudu, haka a Cadi an yi bincike a Mayo Kebbi wajen Lere. Wani kamfanin Kanada mai suna Mega Uranium ya yi haƙan gwaji a Kitongo wajen 2008. Amma haƙan gwaji daban ma'adini daban, yau ɗin nan babu masana'antar tace yuraniyom ko ɗaya a Kamaru ko a Cadi, ba a ma aza tubali ba. Kafin a kai ga akwatin kaɗi sai an tabbatar da yawan kayan, an yi gwajin narkarwa, an samu mai zuba kuɗi, an yi hanya, an kawo wuta da ruwa, an san inda asid zai fito, ka tuna a Arlit farar wuta ake shigowa da ita daga waje a dafa asid ɗin a wurin. Ko mahaƙar Imuraren ta Nijar da ta fi Kitongo girma nesa ba kusa ba, an fara aikin aka dakatar a 2014 da farashi ya faɗi. Saboda haka wanda ya rubuta wa yaran mutane cewa aiki na jiransu bai kyauta ba, na ga wani da ya sayar da babur ɗinsa na haya ya biya. Na faɗa wa mai cibiyar a gabansa, na ce Alhaji wannan layin ku cire shi, ya ce ai talla ce Malam, kowa haka yake yi. Amfanin ilimin na gaskiya shi ne hanyar ba ta yuraniyom kaɗai ba ce, da ita ake tace tagulla da kobal a Kwango da Zambiya, wanda ya iya injin nan zai iya neman aiki can, kuma ko a nan gida mai aikin labo ko tace ruwa zai ga inda zai yi amfani da rabin abin.

Sauran ƙananan abubuwa. Ɗakin da suka kama yana da fanka amma tagogi ƙanana, ranar gwaji warin kananzir ya sa wasu ciwon kai sai da muka fitar da teburin baranda, abin dariya a formasiyon da ake koyar da haɗarin tururi. Tabarau da safar hannu ba su isa kowa ba, karɓa-karɓa aka yi, in za ka je sayi naka a kasuwa ka tafi da su, da takalmi rufaffe. Wuta ta ɗauke an daɗe ana neman man janareta. Abincin rana ba laifi, shinkafa da kifin Binuwai, shayi kuma ba ya yankewa, an ba da lokacin sallah yadda ya kamata. Kuɗin ya yi yawa ga ɗalibi, ga ma'aikaci da sauƙi, kuma suna karɓar biya biyu in ka yi magana. Takardar shaida sun ce za a aiko ta daga baya, har yanzu da nake rubutun nan hotonta kawai aka turo mana ta WhatsApp, kuma ta halarta ce kawai, ba wata jami'a ko ma'aikatar gwamnati da ta sa hannu, kar wani ya ɗauka difloma ce. Kafin ka ba da ko dala ka tambaye su abu biyu, Baba Injiniya ne zai dawo ko wani za su kawo, kuma injin gwajin zai zo ko ba zai zo ba, don na ji ana cewa aro suka yi kuma mai shi na neman abinsa.